Ba Kowane Tari Ke Bukatar Kafso Ba

Da zarar an gama yankan shinkafa a Tudun Wada, an kuma kai dawa rumbu a Kiru da Bebeji, sai hunturu ya sauko da hazonsa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya kwana kusa da madatsar ruwa ta Tiga, ko a gindin duwatsun Riruwai, ba sai an gaya masa abin da ake kira sanyi ba. A wannan lokaci ne leɓe yake tsagewa, hanci ya toshe, in ka shiga aji da safe kuwa sai ka ji tari yana amsa tari daga wannan kusurwa zuwa waccan, har malam ya dakata da karatu.

A gida ma mun san yadda abin yake. Yaro ya kwana biyu yana tari, sai uwa ta kwance bakin zane ta ba wansa kuɗi, ta ce, "Maza je ka kemis a ba ka maganin tari." Mai kemis ba ya ganin yaron, gama yaron yana gida a kwance. Kuɗin kawai yake gani. Sai ya ƙirga kafso huɗu, ja da baƙi ko ja da yalo, ya haɗa da farasitamol, ya ƙulle a 'yar leda. A buɗe kafso a zuba garin cikin koko, a ɗura wa yaro. Sau da yawa bayan kwana uku yaro ya tashi yana wasa, kowa ya yaba wa kafso. Wani lokaci kuma ba ya tashi.

Abin da nake so mu gane a wannan rubutu shi ne, yaron da ya tashi da wanda bai tashi ba, ba ciwo ɗaya suka yi ba. Na farkon ko ba a ba shi kome ba zai warke. Na biyun yana bukatar magani ƙwarai, amma ba wancan ba, ba kuma guda huɗu ba. Kowane ɗalibi da ya iya ƙirga daga 1 zuwa 60 yana iya taimakon gidansu wajen rarrabe su.

Abin da kafso yake iyawa

Ƙwayoyin cutar da ke kama hanci da maƙogwaro da huhu manyan iri biyu ne. Akwai bakteriya, akwai kuma bairos. Bakteriya halitta ce mai zaman kanta, tana ci tana hayayyafa, kuma tana da wata katanga da ta kewaye jikinta. Magungunan dangin fenisilin, watau su amfisilin da amoksisilin, aikinsu shi ne su hana ta gina wannan katanga, sai ta fashe ta mutu. Waɗansu kuma, kamar eritromaisin da tetrasaikilin, sukan hana ta ƙera abin gina jikinta. Shi kuwa bairos ba shi da irin wannan katanga. Ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma a cikin ƙwayoyin jikinmu yake shiga ya hayayyafa. Kafso ba shi da inda zai kama shi. Wanda ya sha amfisilin domin mura, kamar wanda ya ɗana tarkon ɓera ne yana jiran ya kama sauro.

Waɗannan magunguna ba su daɗe a duniya ba. A shekarar 1928 ne wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Fleming, ya lura a asibitin St Mary's na birnin Landan cewa wata fumfuna ta faɗa cikin farantin da yake renon bakteriya, ta kashe duk na kewaye da ita. Sai a 1941 Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka sami isasshen fenisilin da za a gwada wa majinyaci. Kafin ya wadata, wani magani ne ya yi suna, M&B 693 na kamfanin May & Baker. A gwajin da aka yi a Birmingham a 1938, cikin masu ciwon huhu 100 da ba a ba su shi ba 27 suka mutu, cikin 100 da aka ba kuwa 8 ne suka mutu. Shi aka ba Winston Churchill da ciwon huhu ya kwantar da shi a Tunisiya a watan Disamba na 1943. Ku tambayi kakanninku, waɗansunsu har yanzu suna tuna "em-an-bi". Amoksisilin ya shigo daga baya, a 1972.

Mura

Yawancin tarin hunturu mura ce, mura kuwa bairos ne ke kawo ta. Hanci yana zuba, ana atishawa, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, jiki ya ɗan yi zafi kwana biyu ko uku. Cikin mako guda ko kwana goma ta wuce, ko da yake tarin yakan yi saura har mako uku. Ƙaramin yaro lafiyayye yana iya yin mura sau 6 ko 8 a shekara. Mutane da yawa sun ɗauka in majina ta yi kauri ta zama ruwan ɗorawa ko tsanwa, to, lokacin kafso ya yi. Ba haka ba ne. Launin yana fitowa ne daga ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, mura ta yau da kullum ma takan kawo shi.

Abin da mai mura yake bukata shi ne ruwan ɗumi da yawa, hutawa, farasitamol in jiki ya yi zafi, da cokalin zuma domin tarin. Amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Shi nono ne maganinsa, a kuma riƙa share masa hanci domin ya iya tsotsa. Game da ruwan maganin tari na kwalba, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma tun watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin mai kodin a ciki da shigo da shi, bayan an ga irin ɓarnar da ya yi wa samari da 'yan mata, musamman a nan Kano.

Limoniya

A nan ne maganar take da nauyi. Limoniya, wadda waɗansu ke kira ciwon haƙarƙari ko sanyin haƙarƙari, ita ce lokacin da cuta ta wuce maƙogwaro ta sauka cikin huhu. Huhu kamar soso yake, cike da 'yan ƙananan jakunkuna inda iska take haɗuwa da jini. In cuta ta shiga, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya, wurin iska ya ragu. Domin ya cike giɓin, sai yaro ya riƙa numfashi da sauri da sauri. Bairos ma yakan kawo limoniya, amma wadda ta fi kisa ta bakteriya ce, musamman wata mai suna nimokokus. Abin mamaki, wannan ƙwaya tana zaune lafiya lau a hancin yara da yawa da suke wasa a ƙofar gida. Sai ta sami jiki ya yi rauni, ko bayan mura, ko bayan ƙyanda, ko saboda tamowa, sa'an nan ta gangara.

Mukan ce sanyi ne ya shigi yaro, har mu hana shi wanka mu rufe taga mu sa kaskon wuta a ɗaki. Niyyar mai kyau ce, amma hayaƙin itace da na kara a rufaffen ɗaki yana cikin manyan abubuwan da ke raunana huhun yaro. Haka kuma cunkoso, mutum takwas a ɗaki ɗaya kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa.

Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Nijeriya. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya a wannan shekara, har da Indiya mai yawan jama'a. In ka raba, ya zama yara 443 kowace rana. Mafi yawansu da sun sami maganin da ya dace a kan lokaci, da suna nan.

To, yaya za a gane ta, tun da ba mu da na'urar ɗaukar hoton ƙirji a ƙauye? Hukumar Lafiya ta Duniya ta koya wa ma'aikatan lafiya hanya mai sauƙi, wadda ba ta bukatar kome sai ido da agogo. A bari yaro ya natsu a cinyar uwarsa, ba yana kuka ba, ba kuma yana tsotso ba. In yana barci ma ya fi. A ɗaga rigarsa, a zuba wa cikinsa ido. Hawa da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. A ƙirga har minti guda cif, da agogon hannu ko na waya. Kada a ƙirga rabin minti a ninka, gama numfashin ƙananan yara ba ya tafiya daidai. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5, ita ce 40. Yaro mai tari wanda ya kai waɗannan lambobi, a ɗauka limoniya ce, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, ba gobe ba.

Alama ta biyu ita ce lotsawar ƙirji. Lafiyayyen yaro in ya ja numfashi, ƙirji da ciki duka suna tasowa. Mai limoniya kuwa, sai ka ga ƙasan ƙirjinsa, daidai inda awazu suka ƙare, yana faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba ya mantawa.

Ina roƙon ɗalibai su gwada wannan ƙirge a hutun nan a kan ƙannensu masu lafiya. Da farko za ka ɓata lissafi, yaro zai motsa, zai yi dariya. Gara ka ɓata a ranar da ba kome, da ka fara koyo da tsakar dare uwa tana kuka.

Maganin da ya dace

A da Septrin ake ba yara. A shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tsari, ta sa amoksisilin a gaba, domin ya fi tasiri a kan ƙwayoyin da ke kawo limoniya. Irin da aka fi so shi ne ƙwaya mai narkewa, mai nauyin miligiram 250. Ana sa ta a cokali ko ƙaramin kofi da ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa, nan da nan ta narke. Ta fi na kwalba dacewa da ƙauye, gama na kwalba in an haɗa shi da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, yana kuma son wuri mai sanyi, ga shi iyaye sukan yi kuskuren awo.

Yawan maganin ya danganta ga nauyin yaro. A tsarin da ake koya wa ma'aikatan lafiya, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 yana shan ƙwaya ɗaya safe da yamma, ɗan shekara 1 zuwa 3 ƙwaya biyu safe da yamma, ɗan shekara 3 zuwa 5 ƙwaya uku safe da yamma, yawanci har kwana 5. Ban kawo wannan lissafi domin kowa ya zama likitan gidansu ba. Na kawo shi ne domin mu auna. Ɗan shekara biyu yana bukatar ƙwaya 20 kafin ya gama. Yanzu sai mu tuna da kafso huɗun nan na cikin leda.

Akwai wani dalili kuma da ya sa dole ma'aikacin lafiya ya ga yaron. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan sa numfashi ya yi sauri, a yankinmu mai fadamu da noman rani kuwa sauro ba ya ƙarewa. Da ɗigon jini ɗaya za a gwada a sani cikin minti 15 zuwa 20. Wani yaron yana ɗauke da duka biyun. Shi kuwa ja da yalo, watau tetrasaikilin, bai dace da yaron da bai kai shekara 8 ba ko mace mai ciki, domin yana ɓata haƙoran da ke tsirowa.

Akwai kuma yaron da ya wuce maganin sha. In ya kasa tsotso ko shan ruwa, in yana amayar da duk abin da aka ba shi, in ya yi jijjiga, in ya yi laushi ba ya farkawa sosai, in numfashinsa yana ƙara ko gurnani alhali yana kwance shiru, wannan na babban asibiti ne. Haka kuma jariri sabon haihuwa da ya nuna ko wace alama. A can za a yi masa allurar amfisilin ko fenisilin tare da jentamaisin, a maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa a auna iskar da ke cikin jininsa. In ta gaza 90 cikin 100, sai an sa masa iskar oksijin, gama allura tana bukatar kwana ɗaya ko biyu kafin ta ci ƙarfin cutar, yaro kuwa dole ya yi numfashi kafin nan. Mutanen Doguwa sun san nisan da ke tsakaninsu da birni, sun kuma san ba kowane direba ke son ratsa dajin Falgore da dare ba. Saboda haka shawarar tafiya da rana ake yanke ta, tun yaro yana da sauran ƙarfi.

Yadda magani yake mutuwa

Manoma a cikinmu za su gane wannan da sauri. Akwai maganin feshi da a da in ka fesa wa wake sau ɗaya ka huta, yau kuwa ka fesa sau uku tsutsa tana nan. Abin da ya faru shi ne, kowane feshi yana kashe raunana ya bar masu taurin rai, su kuma su haifi irinsu. Haka bakteriya take, sai dai ita cikin awa ɗaya tana iya ninka kanta fiye da sau ɗaya, har takan miƙa wa maƙwabciyarta dabarar jure magani. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945, cewa wanda ya sha fenisilin kaɗan, wanda bai isa kisa ba, yana koya wa ƙwayoyin cuta jurewa ne.

Hanya biyu muke bi muna jawo wannan. Ta farko ita ce shan abin da bai isa ba a lokacin da ake bukata. Ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce sha a lokacin da ba a bukata. Kafson da ka sha domin mura bai taɓa bairos ba, amma ya tarar da dubban bakteriya da ke zaune a hancinka da hanjinka, ya kashe masu sauƙi, ya bar masu tauri. Su ne za ka yi wa ƙanenka atishawa da su. Ga kuma wanda muke zuba wa kaji a ruwan sha ba ciwon kome.

Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cutar da ta ƙi jin magani. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina, kuma ciwon huhu ne ya fi kowane ciwo yawa a cikin lissafin.

Ba na ɗora wa mai kemis laifi duka. A garuruwa da yawa shi ne mafi kusa, shi ne ke buɗe da dare, shi ne ke ba da bashi. Amma maganin da ya yi wata yana shan rana a faranti ranar kasuwa ya rasa ƙarfinsa, ga kuma na jabu. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC tare da majalisar da ke kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewaye a birnin Kano, domin 'yan sari su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, wadda duk mai zuwa birni daga Kwanar Dangora yake wucewa ta gabanta. In za ka sayi magani, dubi lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Waɗansu kwalaye suna da wurin kankarewa, ka aika lambar ta waya a gaya maka ko na gaske ne.

Wani zai ce, to, in haka ne, don me ake bi gida gida ana ɗiga wa lafiyayyun jarirai azitromaisin? Tambayar tana da kyau. Asalin abin daga maƙwabtanmu ne. A wani gwaji da aka yi a Boboye da Loga na jihar Dosso a Nijar, da kuma Malawi da Tanzaniya, an ba yara wannan magani sau biyu a shekara. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kashi 18 cikin 100 a Nijar. Amma a garuruwan da aka ba da shi, an sami ƙaruwar nimokokus mai jure irin wannan magani. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi haka kawai a inda yara ke mutuwa da yawa, ana kuma sa ido a kan jurewar. Kano tana cikin jihohi shida da aka fara gwada shirin a Nijeriya, mai suna SARMAAN. Wannan ciniki ne da aka yi da ido buɗe, an auna riba an auna hasara. Ba ɗaya yake da kafson leda ba.

Tarin da ya wuce mako biyu

Babba ko yaro, in tari ya kai mako biyu, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama, balle a ga jini a kaki, to, a yi tunanin tarin fuka. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu shi, an ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan suka kamu a 2023. Amoksisilin ba ya taɓa wannan ƙwaya. Mafi muni shi ne shan su sifurofuloksasin, gama sukan danne tarin na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya warke, yana ta baza wa iyalinsa.

Gwajin kaki da magani duka kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda cibiyar horar da ma'aikatansa take Saye kusa da Zariya. Ana shan magani huɗu a haɗe har wata 2, sa'an nan biyu daga cikinsu har wata 4. Ɗaya daga ciki, rifamfisin, yakan mai da fitsari ja, kada wannan ya tsorata kowa. Haɗarin yana wajen wata na biyu, lokacin da tari ya tsaya, ƙiba ta fara dawowa, mutum ya ga ai ya warke ya tafi ci-rani. In ciwon ya dawo, mai yiwuwa ne ya dawo da taurin da magungunan farko ba za su iya da shi ba.

Mashaƙo

Da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin wannan cuta ba sai a littafi, har ta ɓarke a ƙarshen 2022. A 2023 ta bazu zuwa jihohi da dama, Jihar Kano kuwa ita kaɗai ta ɗauki fiye da rabin waɗanda suka kamu a ƙasar. An keɓe ɗakuna a Asibitin Murtala da Asibitin Zana domin masu ita, ƙungiyar likitoci ta MSF tana taimakawa. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma galibinsu ba su sami cikakkiyar allurar rigakafi ba.

Tana farawa kamar ciwon maƙogwaro na kullum, da ɗan zazzaɓi. Bayan kwana biyu ko uku sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a can cikin maƙogwaro, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, murya ta dushe. In aka yi ƙoƙarin kankare fatar, jini take yi. A nan dole a ja kunne: wannan ba aikin wanzami ba ne, ba belu ba ne, kada a bari a sa aska a ciki.

Mashaƙo ya nuna mana iyakar maganin kashe bakteriya. Ƙwayar tana fitar da dafi wanda yake bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Maganin yana kashe ƙwayar, ya hana ta yaɗuwa, amma ba ya karya dafin da ya riga ya fita. Wannan sai da wata allura dabam da ake samu daga jinin doki, wadda Emil von Behring ya sami lambar Nobel ta farko a fannin likitanci saboda ita a 1901. A asibiti kaɗai ake yin ta, kuma tana aiki ne a kan dafin da bai riga ya kama nama ba, don haka kowace rana ta jinkiri hasara ce. Da aka gwada ƙwayoyin da aka samu a wannan annoba a ɗakin binciken hukumar NCDC, an tarar fenisilin da Septrin ba sa cin su yadda ya kamata, eritromaisin ne yake aiki. A watan Fabrairu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita eritromaisin ko azitromaisin a kan fenisilin wajen jinyar mashaƙo.

Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo ita ce Penta, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Ita ce kuma ke kare shi daga tarin shiƙa da wata ƙwayar limoniya. A waɗannan ranaku ne ake yin allurar nimokokus, wadda aka fara a Nijeriya a watan Disamba na 2014. In kun je gida, ku nemi katin ƙannenku ku duba ko layukan uku sun cika.

Mu da muke kwana a makaranta abin ya shafe mu kai tsaye. A watan Maris na 2025 mashaƙo ya shiga ɗakunan kwanan King's College a Legas, ɗalibi ɗaya ya rasu, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Saboda haka ɗalibin da maƙogwaronsa ke ciwo, wuyansa ya kumbura, kada abokansa su ɓoye shi a gado suna jiƙa masa gari, kada kuma wani ya ciro ragowar kafso daga akwati ya ba shi. A gaya wa shugaban ɗaki da malamin da ke kula da lafiya nan take, a raba kofinsa da cokalinsa da na sauran. In gwaji ya nuna mashaƙo ne, shi za a ba shi magani na kwana 14, waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi kuma za a ba su na mako guda tare da allurar rigakafi, ko da ba sa jin ciwon kome.